Misha, Sunan da Mahaifina Ya Zo da Shi daga Mosko

Sunana Misha. Da shi aka yanka mini rago a Zariya a shekarar 1985, shi ne a takardar haihuwata da takardun makarantata da fasfona, kuma ba ni da wani suna a ɓoye wanda za a ce shi ne na yanka, wannan kuwa laƙabi ne. Tun ina yaro har yau da na zama magidanci, da wuya in faɗi sunana a gaban baƙo ya karɓa a karo na farko. Bahaushe yakan ɗauka A'isha ya ji, sai ya dube ni ya sake tambaya. Mutumin Rasha kuwa, kamar yadda na gani da idona daga baya, yakan gane sunan nan take, amma sai ya tsaya yana jiran in faɗi sauran, domin a wurinsa abin da na faɗa ɗin rabin suna ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sunansa Yakubu, kuma yana cikin samarin Najeriya da suka samu gurbin karatu a Tarayyar Sobiyet. Ya tafi a 1977 zuwa Jami'ar Abotar Al'ummu da ke Mosko, wadda aka kafa a 1960 aka kuma sa mata sunan Patrice Lumumba, firaministan Kongo na farko, a shekarar da ta biyo baya. Kamar kowane baƙon ɗalibi, sai da ya yi shekara guda yana koyon Rashanci kafin ya shiga karatun injiniya, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai aka haɗa shi da wani saurayi ɗan garin Tula mai suna Mikhail. Baba ya ce watannin farko gaisuwa kawai ke haɗa su, kowa yana kallon kowa da taka-tsantsan, shi yana ganin an ajiye masa mai sa ido, shi kuma wancan bai san yadda zai zauna da mutumin da ke tashi kafin gari ya waye yana alwala da ruwan sanyi ba.

Abin da ya sauya zamansu shi ne hunturun ƙarshen 1978, wanda har yau tsofaffin Mosko ke ba da labarinsa, domin a daren shiga sabuwar shekara sanyi ya kusa kai digiri 40 ƙasa da sifili. Baba ya riga ya yi kwanaki yana tari yana ɓoyewa, saboda tsoron kada a ce jikinsa ba zai iya ƙasar ba a mayar da shi gida. Wata rana da yamma yana dawowa daga ɗakin karatu, ƙafafunsa suka gaza a tsakanin tashar bas da ƙofar masauki, ya zauna a kan ƙanƙara da niyyar ya huta kaɗan, kuma a irin wannan sanyi hutun nan shi ne ajali. Mikhail ne ya ga dare ya yi bai shigo ba, ya fita nemansa, ya same shi, ya goya shi a baya har cikin gini. Likitoci suka ce ciwon huhu ne. Da aka sallame shi daga asibiti ya rame kamar kara, sai Mikhail ya nemi izini ya tafi da shi Tula wurin mahaifiyarsa lokacin hutun hunturu.

Baba ba mutum ne mai yawan magana ba, amma idan ya zo kan kwanakin da ya yi a gidan nan ba ya gajiya. Ya ce ɗakuna biyu ne ƙanana, tsohuwar ta bar masa gadonta ta koma kan kujera. Da ta ji ba ya cin alade sai ta ware masa tukunya, ta riƙa dafa masa kaza da faten wani hatsi da suke kira grechka, tana ɗura masa shayi mai zafi da wani zaƙi na 'ya'yan itace da suke sha idan mura ta kama su. Da ta tambayi sunansa ya ce Yakubu, sai ta ce ai wannan Yakov ne, sunan annabi, kuma daga ranar ba ta sake kiransa da komai ba sai Yasha. A gidan ne kuma ya lura cewa ba wanda ke ce wa abokinsa Mikhail. Uwarsa da ƙanwarsa da maƙwabta, kowa Misha yake cewa. A daren da za su koma Mosko abokin ya ce masa shi ma daga yau ya kira shi haka.

Baba ya dawo gida a 1983, ya yi aure a shekarar da ta biyo baya, ni ne kuma ɗan fari. Labarin ranar sunana na ji shi daga bakin mutum uku, kuma duk sun haɗu a kan cewa an kai ruwa rana. Tun daren suna da Baba ya gaya wa kakana abin da ke ransa, tsohon ya ce ba a gidansa ba, domin a saninsa ƙasar 'yan gurguzu ƙasa ce da aka rufe masallatai da coci-coci, kuma yana ganin tun da ɗansa ya dawo da sallarsa, bai kamata ya jawo wa jikansa sunan mutanen can ba. Da safe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an kawo goro da dabino, wanzami yana jira, maroƙi yana jira, amma aka ja liman zuwa zaure aka yi shawara. Liman ya tambayi ma'anar sunan. Baba ya ce gutsuren Mikhail ne, Mikhail kuwa shi ne Mika'ilu, mala'ikan da aka ambata tare da Jibrilu a cikin suratul Baƙara. Liman ya ce to ai magana ta zo da sauƙi, a raɗa Mika'ilu, a gida a riƙa kiransa yadda ake so, kamar yadda ake raɗa Abubakar a kira Garba ko Habu, a raɗa Muhammadu a kira Mamman. Kakana ya yarda da wannan nan take.

Baba ne ya ƙi. Baffana ya ce bai taɓa ganinsa ya yi wa mahaifinsu musu ba sai ranar, kuma a durƙushe ya yi shi. Ya ce: "Baba, Mikhail shi ne sunan da hukuma ta san shi da shi, akwai dubbai masu irinsa. Wanda ya goya ni a cikin ƙanƙara Misha ne, kuma shi nake so in yi wa takwara." Liman ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce abin da shari'a ta hana shi ne suna mai mummunar ma'ana ko mai nuna bauta ga wanin Allah, wannan kuwa ba ya cikinsu, kuma wanda ya ceci rai ya cancanci a tuna da shi. Kakana bai ce ya amince ba, sai dai ya tashi ya fita wurin jama'a. Da maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, mata a cikin gida suka aiko yaro ya tambayo ko mace aka haifa ba su sani ba.

Ba zan ɓoye cewa na sha wahalar sunan nan ba. A ranar farko da na shiga firamare an rubuta ni a jerin 'yan mata, kuma irin wannan kuskure ya bi ni har sakandare, inda aka taɓa ware mini gado a ɓangaren mata kafin in iso. Kunnen Bahaushe ya saba da cewa suna irin wannan na mace ne, ga shi kuma ya yi kama da A'isha. A wajen 1991, lokacin da sunan Mikhail Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya cika rediyo, wani malami da ya san asalin sunan ya riƙa kirana Gorbachev, yara suka ɗauka, wasu manya ma suka ɗauka don shi aka sa mini, tunda a shekarar da aka haife ni ya hau mulki. Ina aji uku na sakandare na samu Baba na roƙe shi ya bari in je kotu in yi rantsuwar sauya suna zuwa Mika'ilu kafin a yi rajistar jarrabawa. Bai yi faɗa ba. Ya ce idan na kai shekara 18 ina da iko, amma shi ba zai sa hannu ba. Na yi fushi da shi na tsawon lokaci, kuma yanzu da nake da 'ya'ya ina ganin fushin yaron nan yana da hujja, domin uba ne ke zaɓen suna amma ɗa ne ke yawo da shi.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa gaya wa kowa ba sai da na girma. Kasancewata ɗan fari, mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta iyayenmu mata, kuma Inna ta riƙe ta da gaske. Idan tana nemana sai ta ce da ƙannena su kira yayansu, idan mu biyu ne sai ta ce "kai", idan tana ba da labarina ga wasu sai ta ce "yaron nan". Ban taɓa shakkar ƙaunarta ba, amma sakamakon shi ne sunana ya zama abin da nake ji daga bakin malamai da ma'aikatan ofis da masu tsokana, a cikin ɗakin uwata kuwa ba shi da wuri.

Lokacin da na kai shekarun da Baba ya ce, ban je kotun ba, ba don na fahimci wani abu ba, sai don takardu sun riga sun taru. Fahimta ta zo ne bayan rasuwarsa a 2016, da muka buɗe akwatin ƙarfensa. A ƙarƙashin takardun shaidar karatu akwai ɗan bajo na ƙarfe mai siffar dabbar nan da Rashawa ke kira medved, Turawa kuma su ce bear, tana murmushi, da ɗamara mai zobba biyar a ƙugunta, wato alamar wasannin Olamfik na Mosko na 1980, wadda ita ma Misha ake kiranta. Akwai kuma wasiƙu goma sha ɗaya da aka ɗaure da zare, na ƙarshensu na 1992 ne. Na kai su Kaduna wurin wani dattijo da suka yi karatu tare da Baba, ya zauna ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne ya fara yi mini bayanin yadda suna yake a wurin Rashawa.

Ya ce kowane ɗan Rasha yana da suna uku a takarda: nasa, da wanda aka ƙera daga sunan ubansa wanda suke kira otchestvo, da na zuriya. Idan za a girmama mutum, malami ne ko likita ko shugaba ko surukin da ba a saba da shi ba, sai a haɗa na farko da na biyu, shi ya sa Gorbachev a bakin mutanensa Mikhail Sergeyevich ne, ba wanda zai tsaya a gabansa a wurin aiki ya ce masa Misha. Gajeren suna na gida ne da abokai, kuma yana tafiya tare da "kai", cikakken suna kuwa yana tafiya da "ku", kusan yadda mu ma muke yi wa manya. Gajerun sunayen maza da yawa da wasalin "a" suke ƙarewa, kamar Vanya daga Ivan, Kolya daga Nikolai, Dima daga Dmitri, saboda haka a kunnensu ba abin da ya haɗa Misha da mace. Wasu ma, kamar Sasha, namiji da mace duk suna amsawa, domin gutsuren Aleksandr ne kuma gutsuren Aleksandra. Dattijon ya ce a wajen Rasha ne waɗannan sunaye suka tsinke daga tushensu suka tsaya da ƙafarsu, har aka samu Tanya da ba Tatyana ba, da Sonya da ba Sofiya ba, da Natasha da ba Natalya ba, ya kawo misalin Natasha Akpoti ta jihar Kogi, wadda mahaifiyarta 'yar Yukren ce. Amma a can gida, in ji shi, rubuta irin wannan suna a takardar haihuwa kamar mutum ya fita kasuwa da kayan barci ne.

Wasiƙar da ta fi taɓa ni ita ce amsar albishir ɗin haihuwata. Mikhail ya rubuta cewa ya karanta wa mahaifiyarsa labarin sau biyu, ta yi kuka, sannan ya shiga yi wa Baba faɗa irin na aminai. Ya ce: "Yasha, me ka yi wa yaron nan? Wata rana zai zama babban mutum mai furfura, a ofis da wane suna za su kira shi? Kuma 'ya'yansa fa, daga Mikhail ake samun Mikhailovich da Mikhailovna, daga Misha ba a samun komai." Ashe abin da liman ya faɗa a zauren Zariya shi ne mai sunan ya faɗa daga Tula, kuma Baba ya ji duka biyun bai sauya ba. Sai a lokacin na gane cewa ba rashin sani ya sa shi ba. Ya san Rashanci sarai, ya san matsayin sunan, kuma wannan matsayin ne ya nufa. Abin da aka ba shi a daren nan na Tula izini ne na shiga cikin gida, shi ya ga ya fi kowace takardar digiri da ya dawo da ita daraja, shi ya ɗora a kaina. A ƙasan kowace wasiƙa an sa hannu da kalmomi biyu, waɗanda dattijon ya fassara mini da "Misha naka".

Dattijon ne ya taimake ni muka nemi iyalin ta wani shafin sada zumunta na Rashawa mai suna Odnoklassniki, inda tsofaffin 'yan makaranta ke neman juna. Bayan watanni wata budurwa ta amsa, ta ce Mikhail yayan kakarta ne, ya rasu a 1993 da ciwon zuciya, a shekarun da Tarayyar Sobiyet ta rushe, masana'antu suka daina biyan albashi a kan kari, rayuwa ta yi wa mutane tsanani. Mahaifiyarsa ta bi bayansa ba da daɗewa ba. Ƙanwarsa kuwa tana nan a gidan da aka san su.

Damar tafiya ta zo a 2018, da Rasha ta karɓi gasar cin kofin duniya ta kuma bar masu tikiti su shiga ba biza, da katin 'yan kallo da ake kira Fan ID. Na kalli wasan da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a Volgograd ranar 22 ga Yuni, amma ba ƙwallo ta kai ni ba. A kwanakin nan na ga abin da dattijon Kaduna ya faɗa. A wani masauki matar da ke rajistar baƙi ta tambayi sunana, na faɗa, ta ce cikakken take so, na miƙa mata fasfo, ta duba, ta sake dubawa, ta kira abokiyar aikinta ta nuna mata. Ba raini na gani a fuskarsu ba. Wani irin sassauci ne, kamar wanda baƙo ya shigo masa gida ya kira shi da sunan da kakarsa ke kiransa. Matar ta riƙa yi mini magana da "ku" tana haɗawa da sunan da ba a saba haɗa shi da "ku" a wurin aiki ba, ina ganin yadda harshenta ke tuntuɓe a kai.

Daga Mosko na hau jirgin ƙasa zuwa Tula, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Budurwar ta tarbe ni a tasha, da ɗan Turancinta muka riƙa fahimtar juna. Gidan yana hawa na huɗu a wani tsohon bene marar lif, kuma tun kafin mu gama hawa na ga ƙofa a buɗe, wata tsohuwa gajera mai farin gashi tana riƙe da ƙarfen matakala. Na yi niyyar gaishe ta da cikakken sunanta da na mahaifinta kamar yadda aka koya mini, na yi ta maimaitawa a jirgi, amma ba ta ba ni dama ba. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce "Mishenka", ta sake cewa, ta sake cewa. Jikarta ta gaya mini daga baya cewa wannan mataki ne na gaba da Misha, shi uwa ke faɗa wa ɗanta ƙarami, kuma tun rasuwar yayanta ba a sake faɗinsa a gidan ba. Ina da shekara 33 a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da mace sa'ar mahaifiyata ta kira sunana da irin muryar da aka yi sunan dominta. Na kasa riƙe hawayena a kan matakalar nan.

Ta dafa kaza, ta ce ta tuna Yasha ba ya cin alade. Bayan mun ci ta buɗe wani kabad mai gilashi inda take ajiye kofunan baƙi, ta ciro hoto daga bayansu. Jariri ne a kan zanen atamfa, an sa masa kwalli, a bayan hoton kuma rubutun Baba ne da haruffan Rashanci, sunana da watannina uku. Ban taɓa ganin hoton ba, domin babu irinsa a gidanmu. Da la'asar suka kai ni maƙabarta. Kabarin yana cikin ɗan shingen ƙarfe da benci a gefe, kamar yadda suke yi, an sa hotonsa a jikin dutsen, mutum mai faɗin goshi da gashin baki. A ƙarƙashin hoton an sassaƙa sunayensa uku cikakku da shekarun 1955 da 1993. Na nemi Misha a dutsen ban gani ba, ba kuma za a gani ba, domin ba a rubuta irinsa a kan dutse. Tsohuwar ta share ganyen da ya zuba, ta dafa dutsen ta yi masa magana a hankali, jikarta ta raɗa mini cewa tana gaya masa ɗan Yasha ya zo.

Da na dawo Zariya na wuce ɗakin Inna kai tsaye da tsarabar da tsohuwar ta ba ni in kawo mata, mayafin ulu da wani burodi mai zaƙi da aka san Tula da shi. Na zauna a bakin tabarmarta na ba ta labarin tun daga tasha har maƙabarta, na nuna mata hoton jaririn, wanda aka bar mini. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce ta tuna zanen, na gararta ne. Sannan, ba tare da ta ɗago kai ba, ta tambaye ni yadda matar ta kira ni. Na faɗa mata. Na ga leɓɓanta sun motsa kamar tana gwada kalmar, amma sauti bai fito ba. Ta ninke mayafin ta ɗora a kan cinyarta, ta ce Allah ya saka wa mutanen nan da alheri, sannan ta ɗaga murya ta ce wa ƙanwata ta kawo wa yayanta ruwa.